Gwiwar Hannun Sanusi

Ku samarin da kuke zuwa in koya muku alƙalancin kurket, na san abin da kuke faɗa a bayan idona, kunnena bai mutu ba tukuna. Wai aikin hutu ne, mutum ya kifa malafa ya tsaya a rana, in ya ga dama ya ɗaga yatsa ɗaya. To, madalla. Ni ma haka na ɗauka lokacin da gashin kaina yake baƙi. Na yi shekaru ina malamin wasanni a wata sakandare a nan Ƙauran Namoda, na yi alƙalanci a filayen Shinkafi da Zurmi har ƙafafuna suka san kowane rami da ke cikinsu, saboda haka ku bari in gaya muku yadda aikin yake.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan ba shi da wuyar fahimta. Ana kafa sanduna uku. Mutum ɗaya ya tsaya a gabansu da katako yana tsaronsu, shi ne mai bugu. Wani ya sheƙo da gudu ya sako ƙwallo don ya kayar da sandunan, shi ne mai bolin. In mai bugu ya doke ta, shi da abokin bugunsa suka ruga suka sauya wuri, ya samu maki, in sanduna suka faɗi ya fita. Alƙalai biyu ne, ɗaya a bayan mai bolin, ɗaya a gefe. Kayan aikinmu kuwa ba su cika jaka ba: malafa, farar riga, da tsakuwa shida da ake sauya wa aljihu don kada lissafin ƙwallo ya ɓace. Nawa tsakuwoyin a gulbin Gagare na tsince su, sun yi santsi saboda shafa. Tabarmar da muke shimfiɗawa a tsakiyar fili gara ta sha cin ta, ƙwallon fata kuma in ɗinkinta ya warware baduku muke kai wa, ya yi ta mita wai bai taɓa ganin layar da ta kai wannan tauri ba.

Abin da ya fi komai wuya a aikin nan shi ne gwiwar hannu. Dokar wasa ta ce bolin ake yi, ba jifa ba. Hannu zai zagayo ta saman kai, kuma daga lokacin da ya kai daidai kafaɗa har ƙwallo ta bar yatsu, ba a yarda gwiwar ta buɗe ba. Ka murza wuyan hannu yadda kake so, ba ruwan kowa. Amma in ka lanƙwasa gwiwa ka fizge ta, ka yi jifa, ƙwallon za ta fito da ƙarfin da ba na halal ba, mai bugu kuma ba zai ga tahowarta ba. A nan alƙali yake miƙa hannu gefe ya ce nobol. Ƙwallon ba ta cikin lissafi, ko ta kayar da sanduna ba a fita, a ba abokan karawa maki ɗaya, a sake. Ya ƙara, a karɓe ƙwallo daga hannunsa. Duk wannan abu yana faruwa ne cikin ƙiftawar ido, ku kuma kuna cewa hutu.

Wanda ya koya mini shi ne Malam Isiyaku, wani dogon Basakkwace a kwalejin horon malamai, shi kuma a hannun wani malamin lissafi ɗan Pakistan ya koya. Zango guda cur ya tsayar da ni a gefe bai bar ni na yanke hukunci ko ɗaya ba. Ana sako ƙwallo sai ya juyo.

"Mi kag gani?"

"Na ga ƙwallo ta yi waje, Malam."

"Ƙwallo ba taka ta ba. 'Yan kallo ad da ƙwallo. Kai gwiwa at taka."

Haka muka yi ta yi har na fara mafarkin gwiwoyi. Wata rana da kaka, dawa ta fara nuna, ya ɗauke ni a kekensa zuwa gonakin Ɗan Isa. Na zaci ziyara za mu. Sai ya tsaya bakin wata gona ya nuna mini yara a kan rumfar tsaro, kowa da tarin hoge a gabansa, suna korar tsuntsaye. Yaro ɗan shekara shida zai ɗauki hoge, ya ja gwiwa baya, ya fizge, ka ji ƙasa ta tarwatse a tsakiyar tsuntsayen jan baki. Malam ya ce, "Ga makarantad da tar riga mu. Duk ɗan da za a kawo maka, nan yaf fara karatu. Za ka koya mishi bolin shi iya, amma ran da yag gaji ko ranshi yab ɓaci, hannu gona zai koma." Na yi shekara da shekaru ina jiran in ga inda maganar nan za ta ƙaryata, ban gani ba.

Masu hulɗa da alƙali kuwa, ba 'yan wasa ne suka fi ba da wahala ba. Shugabannin makarantu ne da iyaye. Shugaba zai tarbe ka da lemo da fara'a, ya raka ka har bakin fili yana ba ka labarin yadda ɗalibansa suka sha wahalar atisaye, kai ma ka san inda maganar ta dosa. Akwai wani mai sayar da hatsi a Kasuwar Daji da na kira wa ɗansa nobol a gaban jama'a. Bai san ko sandunan nawa ba ne, amma an gaya masa wai na ce ɗansa maguɗi ne. Ya daɗe ba ya amsa sallamata, in na zo awo sai ya tura ni wurin maƙwabcinsa. Shi ya sa nake gaya wa duk mai koyo cewa kiran jifa ba kamar sauran kira ba ne. In ka ce ƙafar yaro ta tsallake layi, kuskure ka faɗa. In ka ce ya yi jifa, mutane sunansa suke ji ka taɓa.

A filin Zurmi na fara ganin Sanusi, ranar da makarantarsu ta kara da ta Shinkafi. Ɗan Moriki ne, siriri, baƙi, ba ya son magana, yana sanye da riga mai dogon hannu duk da zafin da ake yi. Ƙwallonsa ta farko ban ga komai ba sai ƙura. Na gyara tsayuwa. Hannunsa na dama a karkace yake tun daga farkon zagayowa har ƙarshe, abin da ban taɓa gani ba. Kafin a jima 'yan Shinkafi sun fara ihu daga bakin fili, "Jifa! Jifa! A kai shi gona!" Malamin wasanninsu, wanda shi ne alƙali na biyu, ya yi ta harara ta yana jiran in miƙa hannu. Ban miƙa ba. Ido ya ce mini da wani abu, amma bai gaya mini ko mene ne ba, ni kuma ba na kashe sunan yaro a kan wataƙila.

A manyan ƙasashe in aka yi shakkar mai bolin, ba a tsayawa musu a fili. Alƙalai su kai rahoto bayan wasa, a kai shi ɗakin gwaji, a manna masa alamomi a jiki, kyamarori su auna buɗewar gwiwar. An yi rangwamen digiri goma sha biyar, domin an gano kusan kowa gwiwarsa tana ɗan motsi, ƙasa da haka kuma ido ba ya kamawa. Wanda ya wuce, a dakatar da shi daga bolin har ya gyara a sake gwada shi. Mu nan ɗakin gwajinmu alli ne da waya. Bayan wasan na sa Sanusi ya naɗe hannun riga, na ɗiga masa alli a kafaɗa da gwiwa da wuyan hannu, na ɗauki hotonsa mai motsi ta gefe da ta baya. Niyyata in tura wa masana a Kaduna su duba a hankali, su raba mu da gardama.

Ban samu turawa ba, domin shekarar ce ta zama mummunar shekararmu. 'Yan bindiga suka matsa wa ƙauyuka, aka rufe makarantu, aka hana cin kasuwannin mako, aka yanke layin waya gaba ɗaya. Mai son ya ji muryar ɗansa sai ya yi tafiya har Funtuwa. Hanyar Shinkafi da ta Zurmi suka zama sai da addu'a. Ƙaura ta cika da baƙi, kowane zaure da mutanen da suka baro gonakinsu da amfani a tsaye. Na naɗe tabarmar wasa na jingine a ɗaki. Daga baya na ga zaman ba ya yi wa yara kyau, sai na riƙa fitar da ita da hantsi, duk wanda ya zo mu yi.

Wata safiya ina buga ƙusoshin tabarma sai ga babur ya tsaya. Wani kakkauran mutum ne ɗan kabu-kabu, Sanusi a bayansa. Ya ce sunansa Lawali, ƙanen mahaifiyar yaron ne, ya ɗauko shi daga Moriki ya zauna wurinsa kafin a ga abin da hali zai yi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya shiga magana.

"Malam, an ce kai ka cewa ɗanmu ɓarawon wasa na."

"Ban ce ba. Cewa na yi ina son in duba hannunsa."

"To duba. Hannun ga karyewa yay yi. Shina ƙarami yaf faɗo daga rumfat tsaron tsuntsaye, anka ɗora shi, yak kama hakanan. Ko sallah hakanan yaka ɗaga shi. Allah ya yi shi, kai kuma za ka ce laifi na?"

Na kama hannun na ja a hankali. Gaskiyar Lawali ce, ba ya miƙewa, yana zuwa wani wuri sai ya tsaya cik. Na ji daɗi ƙwarai, domin doka ba ta hana karkataccen hannu ba, buɗewa ta hana. In a karkace ya taso kuma a karkace ya sauka, babu mai tuhumarsa. Sai dai daɗin bai kai mini ciki ba. Na tuna a Zurmi yawancin ƙwallayensa ba su dame ni ba, akwai dai wata guda da yake sakowa jefi-jefi, mai tsananin gudu, wadda ita ce take kayar da sanduna. Ita ce idona ya ƙi.

Dabarar da ta zo mini ita ce in hana gwiwar motsi gaba ɗaya in ga abin da zai rage. Muka je wurin wani tsohon maɗori a bayan tasha. Ya shafa hannun, ya taɓe baki, ya ce wanda ya yi wannan ɗori ko akuyarsa ba zai ba shi ba. Sannan ya tsaga gora, ya gasa ta a wuta, ya lanƙwasa ta daidai karkatar hannun, ya jera ya naɗe da tsumma tam. Har fili ya biyo mu, wai yana son ya ga wasan da ake ɗora wa mai lafiya hannu.

Sanusi ya yi gudu ya sako. Ƙwallo ta tafi sumul, ta faɗi inda ya saba ajiye ta, ta karkata ciki. Ya sake, haka. Ya sake, haka. Lawali ya fara tafi yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Saura mai saurin nan." Yaron ya dube ni, ya koma ya ƙara nisan gudu, ya taho. Ƙwallon ta kuɓuce ta yi sama, ta faɗi can gefe kusa da maɗori. Ya sake gwadawa, ta daki ƙasa a gaban ƙafarsa. Ya tsaya yana duban tsumman da ke hannunsa.

"Ba ta fita, Malam," in ji shi.

Ba za ta fita ba, domin wurin fitarta aka ɗaure. Hannun ba ya miƙewa duka, amma yana iya ƙara lanƙwashewa, sannan ya fizgo ya buɗe zuwa inda ya saba tsayawa. Wannan 'yar buɗewar ita ce jifan, karkatar kuma ta ɓoye ta har shi kansa mai hannun bai sani ba. Na tabbata bai sani ba, domin na ga fuskarsa. Ashe 'yan Shinkafi sun yi gaskiya a ƙwallo ɗaya, sun zalunce shi a sauran. Na gaya masa hukuncin da ake yi wa kowa: ba zai yi bolin a wasa ba sai ya bar waccan, in ya yarda kuma zan taya shi gyara.

Gyaran hannu aiki ne mai cin rai, ga mai koyo da mai koyarwa. Ana komar da mutum farko kamar bai taɓa riƙe ƙwallo ba. Ya tsaya wuri ɗaya ba gudu, ya juya gefe, ya zagayo da hannu har damtse ya shafi kunne, ya saki a jikin bango. Daga nan taki ɗaya, daga nan 'yan taki, sai an daɗe a kai ga gudu. Da gora a hannu muka fara, daga baya muka cire. Saurinsa ya ragu, yaran da da suke rawar jiki in ya taho suka fara dukan ƙwallonsa suna dariya. Ran nan ya yar da ita ya zauna a ƙasa.

"Malam, ka ɗauke min abin da ni ka ci da shi."

"Ba naka ba ne, na tsuntsaye ne. Tashi."

Ya tashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, nasa kuwa ya fara bushewa, amma yana da naci. Ya koyi neman sauri daga gudu da kafaɗa, ya koyi murza wuyan hannu har ƙwallo ta riƙa yaudarar mai bugu ba tare da ƙarfi ba. Kafin a buɗe makarantu na sake ɗiga masa alli na ɗauka, na duba har idona ya yi ruwa, ban ga aibi ba. Na ɗage masa takunkumi.

Bayan an dawo da layin waya sai saƙo ya zo cewa wani mai zaɓen 'yan wasa zai zo daga Kaduna. Waɗanda ya ɗauka za a kai su sansani, a sa su makarantar kwana a can, ci da sha da karatu. A wata shekarar wannan labarin wasa ne kawai. A wannan shekarar kuwa hanyar fita ce. Gonar mahaifin Sanusi ba ta nomuwa, Lawali kuma ya faɗa a fili cewa ɗakinsa ɗaya da iyali, ba zai iya ci gaba da riƙe shi ba. In ba a ɗauke shi ba Moriki zai koma, shekara mai zuwa kuma ya wuce shekarun da ake nema. Kowa ya san haka, har yaran da ke tsintar ƙwallo.

Aka shirya wasa tsakanin Ƙaura da Shinkafi a filinmu, Sanusi a ɓangaren Ƙaura. Na nemi a sauwaƙe mini alƙalanci, tunda ni na gyara shi. Aka ce wa zai yi? A duk yankin mu biyu ne muka san dokar, ni da malamin Shinkafi. Da safe ina jera sanduna Lawali ya zo ya tsuguna kusa da ni kamar mai taya ni aiki.

"Malam, ba mu tsoron 'yan Shinkahi. Idonka ɗai muka tsoro."

"In bai yi ba, idona ba zai ƙirƙira ba."

"In kuma tsautsayi ya sa hwa? Mutum na ƙyafta ido, Malam. Kowa na ƙyaftawa."

Na ci gaba da daidaita sanduna.

An fara da wuri don baƙi su kama hanya da sauran rana. Mai zaɓe ya zauna a ƙarƙashin darbejiya, ba ya tafi ba ya magana. Ƙaura ta fara bugu, ta tara abin da ta tara. Da Shinkafi suka karɓa, Sanusi ya yi bolin da ban taɓa ganin ya yi ba, da gajeren hannun riga, gwiwa a waje kowa yana gani. Ya fitar da mutum uku, duk da hannu mai tsabta. Na ga mai zaɓe ya gyara zama ya tambayi na kusa da shi sunan yaron. Amma akwai wanda ya gagare shi, wani gajere mai suna Murtala. Shi ma na san labarinsa, ƙauyensu babu kowa a ciki, a ajin wata firamare a Shinkafi suke kwana da iyayensa. Shi ma darbejiyar nan yake satar kallo.

Rana ta take, wasa ya zo ƙarshe. Saura ƙwallo ɗaya, Shinkafi na neman maki biyu, Murtala a gaban sanduna, Sanusi da ƙwallo. Ni ina gefe. Na ga rigarsa ta jiƙe sharkaf, na ga yana haki, na ga ya wuce alamar da yake fara gudu ya ƙara nisa. Tun kafin ya taso na san wadda zai sako. Ya sheƙo, hannu ya kai kafaɗa, gwiwa ta shige ciki ta fizgo. Sandar tsakiya ta tuma ta yi adungure. Fili ya kece da ihu, yara suka ruga, Lawali ya cire hula ya jefa sama.

Hannuna yana miƙe a gefe. Na ce nobol, ba wanda ya ji, sai da na sake faɗa da dukkan muryata.

Kuna tambaya ko na yi tunani. Babu lokacin tunani, an riga an yi shi tun shekarun tsayuwa a gefe. Amma da za a ba ni yini guda in yi, nan zan dawo. Na gani, ba shakka nake ba. Murtala bai ga ƙwallon nan ba, kuma ba don ya kasa ba ne. In na ƙyafta ido, na ɗauki gadon kwanan wani yaro na ba wani ke nan, don kawai na san kawun ɗaya ban san na ɗayan ba. Duk da haka kada wani ya ce muku gaskiya tana da sanyi a baki. Na ji kamar ni aka doka da katakon.

Ihu ya koma zagi. Aka kori yara daga fili, aka sake kafa sanda. Malamin Shinkafi ya yi wa Sanusi gargaɗin da doka ta ce, na farko kuma na ƙarshe. An ba Shinkafi maki ɗaya, an yi kunnen doki, saura ɗaya su ci, kuma dole a sake ƙwallon. Sanusi ya karɓe ta bai dubi kowa ba. Ya taka zuwa inda ya fara gudu ɗazu, ya tsaya, sannan ya dawo gaba zuwa alamarsa ta kullum. Ya goge tafin hannu a wando. Ya taho, damtse ya shafi kunne, ƙwallo ta sauka daidai inda ake so ta karkata ciki. Murtala ya sa katako ya ture ta gefe kaɗan, shi da abokin bugunsa suka ruga. Shinkafi ta ci.

Mai zaɓe mutumin kirki ne, bai yi ɓoye-ɓoye ba. Ya ce yaron yana da baiwa, amma ba zai kai wanda aka kira wa jifa a gaban idonsa ba, domin can ma za a kira, kuma can ba a san shi ba balle a tausaya. Ya ce a ƙara gyara, a kawo shi baɗi. Kowa dai ya san babu baɗi. Ya kira sunan Murtala da na wani yaro. Murtala ya durƙusa a tsakiyar fili ya rufe fuska da hannu biyu.

Ina naɗe tabarma Lawali ya turo babur ya tsaya a kaina. Idanunsa sun yi ja.

"Kai kag gyara shi, kai kak kashe shi. Allah shi saka ma kowa da abin da yay yi."

Na ce amin, domin addu'a ce, kuma ba ni da abin da ya fi ta. Ya juya babur ya fuskanci hanya. Sanusi yana tsaye a baya da 'yar jakarsa, ashe tun safe an haɗa masa kaya, in Kaduna Kaduna, in Moriki Moriki. Ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, ta ƙarshen hwa?"

"Ta ƙarshen ba ta da aibi. Ko a gaban wa ka yi ta, bolin ce."

Ya gyaɗa kai. "To ka hwaɗa ma Kawu. Shi bai san bambanci ba, cewa zai yi gida duka jifa ni kai."

Na bar tabarmar na je na tsaya a gaban babur. Na ce, "Lawali, in kun isa ka gaya wa mahaifinsa, ƙwallo ɗaya ce ta kuɓuce masa a yini guda. Da aka ba shi ta ƙarshe, ya san mai saurin ce kaɗai za ta fitar da yaron can, ya kuma ƙi yin ta. Ka faɗa masa ni na ce."

Lawali bai dube ni ba. Ya kama kan babur, ya ce wa yaron, "Hau, rana na yi." Sanusi ya ɗora jakar a cinya ya hau. Suka bi hanyar Moriki, suna sauri don su wuce dajin kafin la'asar.